WASIƘA DAGA IKKO: Ungulu a Cikin Kwali

 A makon jiya na yi muku alkawari cewa yau zan taɓo maganar tsadar hayar ɗaki a nan Ikko, amma ina roƙo ku yi mini gafara, gama wani al'amari ya faru a unguwarmu ta Agege wanda na ga bai kamata in bar shi ya huce ba tukuna na kawo muku. Maganar haya tana nan, ba inda za ta, tun da yake masu gidaje ba su da niyyar tuba a cikin mako guda.

Wanda bai san Agege ba, to, gari ne a cikin gari. Goro da layin dogo su ne suka kawo kakannin Hausawan wurin. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fatake suke sauka a zangon Agege su sayi goro su ɗaure huhu su yi arewa da shi, waɗansu kuwa suka yi zamansu, suka hayayyafa, har ga shi yau akwai jikokin jikoki waɗanda Yarabanci ya zauna a bakinsu daidai da Hausa. Abu na biyu da baƙo zai lura da shi shi ne ƙarar jiragen sama. Agege tana maƙwabtaka da Ikeja, inda filin jirgin sama na Murtala Muhammed yake, saboda haka jirage suna ratsawa ta bisa rufin gidajenmu dare da rana, wani lokaci ƙasa-ƙasa har kana iya ganin ƙafafunsu a sake. Manya sun saba, ko kai ba su ɗagawa. Yara ne kaɗai har yanzu suke tsayawa su bi jirgi da ido sai ya ɓace.

Daga cikin yaran nan akwai ɗan wani Alhaji maƙwabcina, dillalin goro, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Yaron shekararsa 17, ya gama sakandare, amma ya faɗi a darasin kimiyyar lissafi da motsi, watau fizik. Alhaji ya riga ya yanke shawara cewa karatu ya isa haka nan, yaro ya zo sito ya koyi ƙirga ƙwarya da sanin goron da zai jure tafiya. Ana cikin haka sai kawun yaron, wanda yake fataucin kayan wayar hannu, ya komo daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin da tsarabar wani kwali. A bayan kwalin an zana jirgin sama mai saukar ungulu. Da aka buɗe kuwa, babu jirgi babu alamarsa, sai ƙananan ledoji cike da kusoshi da ƙarafa da wayoyi, da wani littafi mai zane-zane, da akwatin sarrafawa mai sanduna biyu, wanda yara suke kira rimot.

Alhaji ya leƙa, ya tambayi kuɗin abin. Da aka gaya masa, sai ya yi salati, ya dubi surukinsa ya ce, "Yanzu kuɗin rago sukutum ka zuba a kan tarkacen da ko haɗa shi ba su yi ba? Ai ko abin wasa ne, a sayar maka da shi a haɗe mana." Ya juya ga ɗansa ya ce, "Kai kuma na ba ka wata guda. In ya tashi, mu gani. In bai tashi ba, kada in sake jin maganar makaranta a gidan nan." Yaro ya durƙusa ya ce, "To, Baba."

Ni dai abin da ya sa na shiga maganar shi ne, yaron ya kawo mini littafin in fassara masa, wai tun da ni ɗan jarida ne. Na duba na ga Turancin ba shi ne wahalar ba. Difloma ta aikin jarida ta koya mini yadda ake tsara labari, ba ta koya mini bambancin kusa mai tsawon milimita 6 da mai milimita 8 ba. Saboda haka na ɗauke shi muka tafi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan tasha, mutumin da ya fi shekara talatin yana riƙe da ƙarfen narka dalma, wanda kuma yanzu ciniki ya ja baya gare shi domin mutane sun daina gyara, sai dai su yar su sayi sabo. Malam ya juya littafin nan shafi-shafi, bai ce uffan ba, har ya kai ƙarshe. Sa'an nan ya ce wa yaron, "Ɗana, zan taimake ka, amma da sharaɗi uku. Ba za a buɗe leda ta biyu ba sai an gama da ta fari. Ba za a ɗaura kusa ba sai na gani. Ba kuwa za a sa batir ba sai ina tsaye." Yaro ya amsa.

Bari in ɗan bayyana wa mai karatu irin jirgin, domin kada a ɗauka irin na roba ne da ake sayarwa a bakin titi lokacin salla. Wannan shi ne ajin da masu abin suke kira 450, wanda kamfanin Align na Taiwan ya yi suna da shi a ƙarƙashin sunan T-Rex, har waɗansu kamfanoni suka yi ta kwaikwayo. Nauyinsa duka da batir bai kai kilo ɗaya ba. Kowane fiffike na babbar farfela tsawonsa milimita 325 ne, in suna juyawa kuwa faɗin da'irar ya kai wajen santimita 70. Yana aiki da injin lantarki da batir mai ɗaki uku. Amma duk da ƙanƙantarsa, yadda yake tashi daidai yake da yadda babban jirgin soja mai saukar ungulu yake tashi, ba ragi.

Mako na fari ya tafi a kan gangar jiki. Aka haɗa bangaye biyu na firam, aka zaunar da boris a gurabensu, aka soka babbar sanda wadda farfela za ta hau, aka sa babban faranti mai haƙora wanda injin zai riƙa juyawa. A nan na fara ganin abin da ake nufi da aikin hankali. Tsakanin haƙoran injin da na farantin ana bukatar 'yar tazara wadda ba ta wuce kaurin takarda ba. In sun matse, injin ya yi zafi. In sun yi sako-sako, haƙora su zube. Malam ya yagi takardar littafin makaranta ya soka a tsakani, ya ɗaure, ya zare ta. Haka kuma akwai wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, wani irin gam ne da ake ɗiga wa duk kusan da zai shiga cikin ƙarfe. Dalili kuwa shi ne, jirgin nan rawar jiki yake yi muddin yana aiki, kusan da ba a ɗiga masa gam ɗin ba kuwa sannu a hankali zai warware kansa. Malam ya sa kwalbar nan a aljihun teburinsa ya kulle, shi ne mai fito da ita, shi ne mai mayarwa. Mai karatu ya riƙe maganar kwalbar nan, za mu komo kanta.

A mako na biyu aka zo kan farfela, a nan ne kuwa ni kaina na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Dā ina zato in ana so jirgi ya yi sama sai a ƙara wa farfela gudu. Ashe ba haka ba ne. Gudun farfela kusan ɗaya ne koyaushe. Abin da ake sakewa shi ne kwanciyar fukafukan. In aka karkata su suka ƙara cizon iska, jirgi ya tashi. In aka kwantar da su, ya sauko. Abin da yake wannan aiki wani ɗan zobe ne a ƙarƙashin farfela, wanda Malam ya laƙaba wa suna faifai. Ƙananan injuna uku, waɗanda ake kira sarbo, su ne suke riƙe da shi ta kusurwa uku. In suka ɗaga shi gaba ɗaya, jirgi ya yi sama. In suka karkata shi gaba, kamar yadda mace take karkata faifai wajen shiƙa, sai kowane fiffike ya riƙa ƙara cizo a wani gefen da'irar yana ragewa a wani gefen, jirgi ya sunkuya ya yi gaba. Haka in an karkata shi baya, ko dama, ko hagu. Yaron nan da aka ce ya faɗi fizik, shi ne ya riga ni ganewa, har ya ɗauki murfin kwano yana nuna mini.

Saura wutsiya. Na tambayi Malam amfanin 'yar ƙaramar farfelar nan ta baya, sai ya ce in hau kujerarsa mai juyawa in ɗage ƙafafuna, in yi ƙoƙarin murɗa wani noti da ya ƙafe a jikin bango. Ina murɗawa dama, sai ga kujera tana juyawa da ni hagu. Ya ce to, haka jirgin yake: injin yana murɗa babbar farfela ta wannan gefe, gangar jiki kuwa tana son juyawa ta wancan. 'Yar farfelar wutsiya, wadda bel yake juyawa da gudun da ya ninka na babbar wajen sau huɗu, ita ce take tokare jirgin ya tsaya fuska ɗaya. Domin kuwa hannun ɗan Adam ba shi da saurin da zai bi wannan gyara, sai aka sa wata 'yar na'ura mai suna jairo, wadda take jin motsin wutsiya tana gyarawa tun matuƙi bai ankara ba. In wutsiya ta mutu a sama, jirgi ya zama katantanwa.

Mako na uku na awo ne da saiti. Aka ɗora fukafukan biyu a kan sikeli, aka ga ɗaya ya ɗara ɗaya da ɗan abin da ido ba ya gani, aka manna wa mai sauƙin ɗan salatif har suka yi daidai. Aka sa ma'aunin kwana aka daidaita karkatar fukafukan, digiri 10 sama, digiri 10 ƙasa, sifiri a tsakiya. Duk wannan kuwa an yi shi ne bayan an cire wayoyin injin, gama Malam ya ce ba a gyaran bakin kura tana farke. Gaskiyarsa kuwa. Farfelar nan tana juyawa fiye da sau 2,500 a minti guda, watau bakin fiffiken yana gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. A watan Satumba na 1913 babu wanda ya san irin wannan abu, amma a watan Satumba na 2013, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka, wani saurayi ɗan shekara 19, gwani ƙwarai a wannan fanni, ya rasa ransa nan take sa'ad da farfelar jirginsa, wanda ya fi wannan girma, ta same shi a ka. Saboda haka ƙa'idar ita ce, a fara kunna rimot kafin a haɗa batir, a fara cire batir kafin a kashe rimot, kowa kuma ya ja da baya.

Batirin ma abin tsoro ne. Irin na lithiyam ne mai laushin jiki, ƙarfinsa bolt 11.1, kowane ɗaki in ya cika yana kai wa bolt 4.2. In aka wuce haka wajen caji, ko aka huda shi, ko aka tsotse shi ƙarƙaf, sai ya kumbura, daga nan kuwa sai wuta, irin wadda ba ta jin lallashi. A unguwa irin tamu, inda ɗakuna suke manne da juna, wutar lantarki kuma tana zuwa da ƙarfin da ta ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Malam ya samo tsohuwar tukunyar ƙasa ya zuba yashi a ciki, a nan ake cajin batir, a tsakar fili, ana zaune ana kallo. Duk wahalar nan kuwa, abin da batir guda yake bayarwa bai wuce tashin minti biyar ko shida ba.

Da aiki ya kammala sai babbar tambaya ta taso: a ina za a tashe shi? Yara suka ce filin ƙwallo. Malam ya ce faufau. Ya nuna sama, daidai lokacin kuwa wani jirgin fasinja yana saukowa. Ni ma na goyi bayansa, gama na san abin da ya faru a filin jirgin sama na Gatwick a Ingila cikin Disamba na 2018, inda rahoton ganin ƙananan jirage marasa matuƙi kusa da titin jirgi ya sa aka rufe filin, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka wajen 1,000, fasinjoji kimanin 140,000 suka yi cirko-cirko ana gab da Kirsimeti. A nan gida kuma, tun cikin watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar hana tashin jirgi marar matuƙi a sararin samaniyar ƙasar nan sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Ɗan Bahaushe a Ikko, a gefen filin jirgin sama, da rimot a hannu, a zamanin da muke ciki, ba sai na gaya wa mai karatu irin fassarar da za a yi masa ba tun kafin ya buɗe baki.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Alhaji da kansa ya ce akwai babban sitonsa da aka kwashe goro, rufinsa da tsawo, babu kowa a ciki sai ƙamshin ganye. Ina zato so yake a yi abin a gabansa, maganar ta ƙare. Aka share, aka rufe ƙofa domin yara, aka ɗaura wa jirgin sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashin ƙafafunsa, da ƙwallayen roba a bakinsu, domin kada ya kife. Kwana uku yaron yana jan jirgin a ƙasa kamar kaza mai koyon tafiya. Ran na huɗu, bayan la'asar, ya ɗaga shi ya kai gwiwa, ya tsayar da shi a iska yana ɗan lilo, na ƙirga daƙiƙa ashirin, ya sauke shi lafiya. Leburorin sito suka yi kabbara. Na saci kallon Alhaji, na ga carbinsa ya tsaya a hannu.

Kashegari, kwana biyu kafin cikar wata, aka sake taruwa, har da abokan Alhaji biyu da ya gayyato. Jirgi ya tashi ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sai muka ji wani ɗan ƙara, wutsiya ta saki, jirgi ya shiga juyawa kamar katantanwa, kafin a ce kwabo ya daki ginshiƙi ya zube. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, domin kowa yana bayan buhunan da Malam ya sa aka jera. Amma fukafukai sun karye, babbar sanda ta lanƙwashe, bututun wutsiya ya lotsa, haƙoran faranti sun zube.

Malam ya tsuguna ya cire batir ya kai waje, ya komo ya yi ta lalube a ƙasa har ya tsinci wani ɗan kusa wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne mai riƙe farfelar wutsiya a kan sandarta. Ya duba shi a haske, fari fat, babu ko ɗigon shuɗi. Bai yi tambaya ba, ya dai miƙa wa yaron. Wuri ya yi tsit. Yaron yana iya cewa daga kamfani ne, ba kuwa wanda zai ƙaryata shi a cikinmu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ne. Ranar da ka tafi jana'iza na ga kwanaki suna ƙurewa, kwalbar kuma tana kulle, na ɗaura shi haka nan, na ce ai guda ɗaya ba kome." Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, bai ce kome ba.

To, jama'a, a nan labari ya tsaya, sharhi ya fara, gama ba domin nishaɗi kaɗai na kawo shi ba.

Abu na fari, lalle ne mu daina kiran irin wannan aiki wasan yara. Igor Sikorsky ya tashi da jirginsa mai saukar ungulu a Amurka a 1939, amma sai a 1970 wani injiniya Bajamushe, Dieter Schlüter, ya ci nasarar tashin ƙaramin da ake sarrafawa daga ƙasa yadda ya kamata. Shekara 31 ke nan tsakani, domin ƙaramin ya fi babban ƙiriniya. Yaron da ya haɗa irin wannan da hannunsa ya taɓa lissafi, ya taɓa lantarki, ya taɓa kanikanci, ya kuma koyi abin da ya fi su duka, watau cewa a sha'anin jirgi babu "ba kome". Mu kuwa "ba kome" ta zame mana abin ado. Da ita ake gina bene a rage siminti, da ita ake ɗora wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, da ita ake cika kwalekwale har ruwa ya kai baki.

Abu na biyu, ba yau muka fara ganin irin yaran nan ba, ba kuma yau muka fara sakaci da su ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fizik a Jami'ar Bayero ta Kano, ɗan shekara 24, wanda ya shafe wata takwas yana ƙera jirgi mai saukar ungulu na shiga a zauna, da injin tsohuwar mota Honda Civic mai ƙarfin doki 133, da kujerun tsohuwar Toyota, da tarkacen wani jirgi Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar hannu ya yi yawancin aikin. Jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, masu dariya kuwa sun yi dariyarsu. Amma ƙafa bakwai a bayan gida, ba malami ba ma'aikata, ta isa ta sa hukuma ta tambayi kanta abin da zai faru in an ba irinsa kayan aiki. Kano fa tana cikin garuruwan da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, cikin Nuwamba na 1925, Zariya kuma tana da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tun 1964. Ba baƙin abin ba ne mu.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna, a nan kuwa Alhaji yana da tasa gaskiyar. Haɗawa daban, ƙerawa daban. Ƙasar nan ta daɗe tana buɗe kwali. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a nan Ikko, aka kuma kafa masana'antun haɗa manyan motoci a Kano da Bauci da Ibadan da Inugu. Galibin kayan a cikin akwatuna suke zuwa, mu namu ɗaurawa. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, akwatuna suka rage zuwa, sai aiki ya durƙushe. Har jirgin sama mun haɗa: jirgin koyon tuƙi na sojan sama mai suna Air Beetle, wanda aka yi guda 60 a Kaduna, asalinsa samfurin RV-6A ne na wani kamfanin Amurka mai sayar da jirage a warwatse domin mai saye ya haɗa. Daga baya sojan sama suka nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a Kaduna cikin Disamba na 2013, sa'an nan Tsaigumi cikin Fabrairu na 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. Sunayen dai namu ne, madalla. Abin tambaya shi ne, kashi nawa na cikin cikinsu ne namu? Kwali makaranta ce mai kyau, amma wanda ya shekara hamsin a aji ɗaya ba a ce masa ɗalibi.

Shi ya sa abin da ya biyo bayan faɗuwar jirgin ya fi burge ni a kan tashinsa. Kayan gyara babu su a kusa, sai an aika waje a jira makonni. Fukafukai da faranti dai Malam ya ce tilas a jira sababbi, domin fiffiken da ya tsage ba a ɗinke shi, in ya tsinke a guje harsashi ne. Amma sauran, yaron ya ce zai nema. Ya auna babbar sanda ya ga kaurinta milimita 5 ne. Ya tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya yi yini guda yana tonon matattun injunan buga takarda har ya sami sandar ƙarfe mai wannan kauri, ya mirgina ta a kan gilashi ya tabbata ba ta da lanƙwasa, ya kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanke ya huda masa. Bututun wutsiya kuwa, daga tsohuwar eriyar talabijin ta shagon Malam ya fito. Babu shafin littafin da ya koya masa wannan. Ko za su jure, sai an gwada, Malam kuwa ya ce gwajin fari ba fukafukai za a yi shi, kowa kuma yana bayan buhu.

Saboda haka ina da kira guda uku. Ga hukuma: tsaron filin jirgin sama wajibi ne, ba mai hankalin da zai yi gardama, balle yanzu da 'yan ta'adda suka fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi a arewa maso gabas. Amma hani kaɗai ba ya isa. A ware fili nesa da hanyar jirage, a yi wa ƙungiyoyin makarantu rajista mai sauƙi, a san su, a san malamansu, domin yaron da aka ba wurin koyo a sarari ya fi wanda aka kora ya koma ɓoye sauƙin lura. Ga shugabannin Hausawan Agege da attajiranmu: kuɗin da ake liƙi da shi a daren biki guda ya isa ya sayi irin kwalin nan da dama a ajiye a makarantun unguwa, a ɗauki dattawa irin Malam, waɗanda iliminsu yake shirin bin su kabari, a ba su ɗan albashi su koyar. Ga iyaye kuma: sana'ar gado abar alfahari ce, goro ne ya gina unguwar nan, amma ba kowane ɗa aka halitta domin sito ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake gane inda ya karkata.

Shekaranjiya da dare na iske Alhaji a ƙofar gida yana shan iska. Na gaishe shi, na zauna, na ce, "Alhaji, wata dai ya cika, jirgi kuwa yana kwance." Ya yi shiru, wani jirgin fasinja ya wuce ta bisanmu, muka jira ƙararsa ta lafa. Sa'an nan ya ce, "Malam ɗan jarida, ni jirgin nan bai dame ni ba, ya tashi ko ya faɗi. Shekara arba'in ina ciniki, na ga yaran da za su rantse da Alƙur'ani a kan goro ɗaya da suka ci. Wannan kuwa a gaban baƙina ya ce shi ne, alhali ya san abin da zai rasa." Na ce, "To, makaranta fa?" Ya ce, "Ya sake jarrabawar sau ɗaya, ni zan biya. Da safe karatu, da yamma sito. In ya sake faɗuwa, kai da Malam sai ku zo ku taya shi ɗaurin huhu."

Na karɓi sharaɗin a madadin Malam, ko da yake ban shawarce shi ba tukuna. Jarrabawa sai baɗi, fukafukai kuwa an ce suna hanya. Abin da ya faru duka, mai daɗi ko marar daɗi, za ku ji shi a wannan fili.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu komo kan masu gidajen haya. Ku huta lafiya.